Sai an bi garke kafin a jagoranci matasan ikkilisiya?

Dattijon ikkilisiya: A zaman dattawa na ranar Asabar a Sabon Gari na ce duk wanda za a ba jagorancin matasa ya fara yin ko da mako biyu a karkara tare da makiyaya, kuma har yanzu ina kan bakana. Musa ya shekara 40 a ƙasar Madayana, inda ya yi kiwon tumakin surukinsa Yetro, kafin Allah ya aike shi wurin Fir'auna, Dawuda kuwa a bakin garke ya koyi tunkarar zaki tun bai san Goliyat ba. Yaranmu haifaffun Kano suna karanta Yohanna 10, inda Yesu ya ba da misalin makiyayin da ke kiran tumakinsa suna bin sa, amma yawancinsu ba su taɓa ganin Bafulatani ya yi kira shanunsa sun taso sun biyo shi ba.

Malamar makarantar Lahadi: Baba, a gafarce ni, ban yarda a mai da wannan sharaɗi ba. Bulus haifaffen birnin Tarsus ne, ya yi karatu a gaban Gamaliyel, sana'arsa ɗinkin tanti, Nehemiya kuma a fadar Shushan yake shayar da sarki sa'ad da labarin rushewar garun Urushalima ya same shi. Idan haƙuri ake nema, wanda ya zauna da yara talatin a aji ɗaya cikin zafin watan Afrilu ya san shi.

Shugaban matasa: Mama, a ganina kin kauce wa abin da Baba yake nufi. Ni na yi kiwo ina yaro a ƙauyenmu, kuma abin da na koya a can shi ne ƙidaya: da magariba ba ka shiga gida sai awaki sun cika, ko da ƙaya za ta yayyage maka ƙafa. Yau a zumuntarmu mutum yakan yi wata biyu bai zo sujada ba, babu wanda ya taka zuwa gidansu.

Malamar makarantar Lahadi: Ɗana, ai ka kawo hujjata da bakinka, domin kai da ka yi kiwon kai ne shugabansu, kuma ba a je ba. Abin da ya rage maka shi ne ka riƙe sunayensu, ka bi su har unguwannin Brigade da No Man's Land.

Dattijon ikkilisiya: Wannan magana ta kama shi, na amince. Duk da haka Yesu da kansa ya ce a dubi tsuntsayen sama da furannin jeji, wanda bai fita ya duba ba kuwa da kunne kawai ya san misalin. Zan janye batun sharaɗi a zama mai zuwa, amma zan nemi a kai su gonakin wajen Kura idan damina ta kankama, kuma ina so ke ma ki bi mu, Malama.