In tsayar da shirin da sys.exit ko in bar Python ya zubo traceback?

Sadiƙu: Salamu alaikum. Ɗan shirin Python ne da ke karanta fayil ɗin CSV na cinikin shago duk dare, Task Scheduler na Windows (manhajar da ke kunna shiri a lokacin da aka sa mata) ke tayar da shi. Idan fayil ɗin ya ɓata ko wani layi ya lalace, in tsayar da shi da saƙo ne, ko in bar traceback, wato dogon bayanin kuskure da Python ke zubowa, ya fito? Mai shagon bai san harkar kwamfuta ba.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Ƙara 2>&1 a layin crontab (jadawalin cron, mai tayar da shirye-shirye a Linux), komai ya sauka a fayil guda.

Sadiƙu: Windows ne fa, Malam, babu cron.

Hajara: Ka ba sys.exit, umarnin fita daga shiri, rubutu kai tsaye. Zai tura shi stderr, inda saƙonnin kuskure ke fita, ya fita da lamba 1, alamar an sami matsala. Saƙon ya faɗi sunan fayil da cikakkiyar hanyarsa, da layin da ya lalace, da abin da mutum zai yi: "Layi na 48, kuɗi ba lamba ba ne, a gyara a sake." Traceback kuwa logging.exception ya adana maka shi.

Baba Ɗanjuma: Duk wannan banza ne muddin akwai except: tsirara, wato wanda ba a faɗi irin kuskuren da zai kama ba, a saman shirin. sys.exit ba kashe shiri yake yi nan take ba, SystemExit yake jefawa. Except tsirara sai ya cafke shi, aiki ya ci gaba da lissafi rabi, ya ƙare da 0, Task Scheduler ya nuna 0x0 kamar lafiya lau. Haka asara ke taruwa wata da watanni ba wanda ya sani. A rubuta except Exception, shi ba ya taɓa SystemExit. Masu koyar da yara except: pass, Allah ya shirye su.

Malam Nura: Amin. Amma lamba 2 ta fi dacewa, ita argparse, mai karanta zaɓuɓɓukan da aka kira shiri da su, ke bayarwa.

Hajara: Malam, 2 ɗin na wanda ya kira shirin ba daidai ba ne, ba na fayil da ya lalace ba.

Malam Nura: 'Yata, tun kafin Python 3 ake wannan aikin.

Hajara: Da girmamawa, takardun argparse suna nan, a duba.

Auwalu: Mai shago ya ga traceback cikin dare, ai cewa zai yi aljanu sun shiga kwamfuta.

Sadiƙu: To saƙon da Hausa zan rubuta.

Baba Ɗanjuma: Nan ma da aiki. Idan ka karkatar da fitarwa zuwa fayil a Windows, galibi tsarin haruffa na cp1252 ake amfani da shi, babu ƙ, babu ɗ. print zai faɗi da UnicodeEncodeError, stderr kuma ya rubuta \u0199 a madadin ƙ. Sa PYTHONUTF8=1, tun Python 3.7 yana aiki.

Auwalu: Excel fa? Ya buɗe CSV mai ƙ da ɗ sai ya watsa su, sai an adana da tsarin haruffa na utf-8-sig. Har yaushe za mu riƙa roƙon kwamfuta ta gane haruffanmu?