Inda muka ci karo da kalmar Turanci "crimp"

Mai sana'ar kayan fulawa, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in ji daga waɗanda suka taɓa haɗuwa da kalmar "crimp", domin ni dai ta jawo mini asarar kwano guda na fulawa. Lokacin da na fara koyon mit-fai daga wani littafin girki na Turanci, na tarar an rubuta cewa a yi wa bakin kwaɓin "crimp" kafin a gasa. Na ɗauka ado ne kawai, saboda haka na ninke kwaɓin, na shafa ƙwai, na tura cikin obin. Da na buɗe, sai na iske bakin kowanne ya wage, nama da dankali sun zubo kan tire sun ƙone. Maƙwabciyata ce ta zo ta nuna mini yadda ake bin bakin da cokali mai yatsu ana dannawa har ya manne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ƙanwata ta ce ta ga kalmar a jikin kwalin na'urar gyaran gashi. Me ya haɗa fulawa da gashi?

Mai shagon gyaran gashi, Jos:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙanwarki ba ta yi kuskure ba, don ina da irin wannan na'urar a shagona. Ta yi kama da wadda ake miƙar da gashi da ita, sai dai faifanta biyu ba sumul suke ba, tudu da kwari ne da su kamar kwanon rufi. Idan ta yi zafi aka matse gashi a tsakaninsu, sai ya fito kunya-kunya. Turawa sun yi yayin wannan salo sosai a shekarun 1980. Ranar da wata amarya ta fara nuna mini hotonsa a wayarta, na gane shi nan take, domin haka gashin mace yake kasancewa idan ta tsefe ƙananan kitson da ya kwana biyu a kanta.

Ma'aikacin jinya, Ingila:
Hajiya, a inda nake zaune wannan kalma ba ƙarama ba ce. A yankin Cornwall, can kudu maso yammacin Ingila, akwai wani abinci mai kama da mit-fai da ake kira "pasty", wanda ake cusa wa naman sa da dankali da albasa da wani tushe da suke kira "swede". Su ba sa amfani da cokali wajen manne bakinsa. Na tsaya a wani gidan burodi na kalli wata dattijuwa tana tsunkule bakin kwaɓin da babban yatsa da manuni, tana ninkewa ɗaya bisa ɗaya, har ya zama kamar tufkar igiya. A 2011 Tarayyar Turai ta ba wa sunan wannan abinci kariya, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa siffarsa ta zama ta harafin D, naɗin bakin kuma ya kasance a gefe, ba a sama ba. Mutanen yankin suna ba da labari cewa masu haƙar kuza na da suna riƙe wannan baki mai kauri da hannunsu mai datti, su cinye sauran, su yar da shi.

Malamin Turanci, Zariya:
Ni a aji na fara shan wannan tambaya daga wata ɗaliba, kuma ita ta sa na koma na bincika. Kalmar ɗaya ce, ba biyu ba ne da suka yi kama. A tsohon Turanci akwai "gecrympan", wato nannaɗe abu, amma masana da dama suna ganin ta yau ta shigo ne daga Holanci, inda har gobe "krimpen" ke nufin tsukewa ko ƙanƙancewa. Ma'anar da ta fi burge ni ita ce ta kifi, wadda ta kusa ɓacewa. Masu dafa abinci a Ingila kan tsattsaga jikin kifi da wuƙa tun yana sabon kamu, su tsoma shi a ruwan sanyi, naman ya tsuke ya yi tauri, kada ya dagargaje a tukunya. A ganina wannan ce ta fi kusa da asali, domin a fulawa da gashi hannu ne ko ƙarfe ke matsewa, a kifi kuwa naman da kansa ne yake tattarewa.

Mai haɗa wayoyin intanet, Kano:
Malam, mu ma da ita muke aiki kullum. Filayar da muke matse kan wayar intanet da ita, domin ƙananan wayoyi 8 da ke ciki su kama, da wannan kalma ake kiranta.

Mai sana'ar kayan fulawa, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Jiya na ajiye cokali na gwada naɗin hannu irin na dattijuwar Cornwall a kan mit-fai 12. Ukun farko sun karkace, amma babu ko ɗaya da ya buɗe a wuta.