Gwaninta da Ƙuri'a a Waƙar Lawiyawa

Baba:
Ina gaishe ku 'ya'yana, ga zance na kawo muku,
A kan mawaƙan Haikalin Urushalima, daga kabilar Isra'ila ta Lawiyawa.
Da Sarki Dawuda ya tsufa, ya sa aka ƙidaya mazajen kabilar,
Aka sami 38,000, kowa aka nuna masa wurin tsayawa.
Ya ware 4,000 domin yabo da garaya da molo da kuge,
Wasu 4,000 kuma ya ba su ƙofofi don tsarewa.
Ni dai a ganina gwaninta ce ta kai su gaba,
Domin Kenaniya ya shugabanci waƙa ne saboda iyawa.
Ranar da aka ɗauko Akwatin Alkawari zuwa Urushalima,
Shi aka danƙa wa ragamar rerawa da koyarwa.

'Yar autar mawaƙa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa iyawar Kenaniya ba,
Sai dai akwai wurin da ka tsallake wajen karantawa.
Gwanaye 288 ne a gidajen manyan mawaƙa, Asaf da Heman da Yedutun,
Aka yi su kashi 24, mutum 12 kowanne, wajen rabawa.
Da za a tsara wanda zai fara da wanda zai bi baya,
Ƙuri'a aka jefa, malami da almajiri ba bambantawa.
Dubi Heman, jikan Annabi Sama'ila, mai 'ya'ya maza 14,
Da yawan 'ya'ya ke sa a fara, ai da shi ne a gaban kowa.
Amma ta farko gidan Asaf ta faɗa, a kan Yusufu,
Sai a ta shida gidan Heman ya sami fitowa.

Babban yaya:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, kuma Baba bai yi kuskure ba,
Ku tuna ranar da Sulemanu ya kai Akwati wurin ajiyewa.
Mawaƙa sun tsaya gabas da bagade cikin fararen lilin,
Firistoci 120 na gefensu, kowa da ƙahonsa yana busawa.
Wanda ya taɓa sa masu kakaki biyu su busa tare,
Shi ya san wuyar da ke cikin daidaitawa.
Su kuwa murya ɗaya suka fitar, har girgije ya cika ɗakin,
Firistoci suka kasa ci gaba da hidima, sai dakatawa.

Baba:
'Yata, kin kama ni, na karɓi gyara da hannu biyu,
Amma ga abin da ke ci mini rai game da Lawiyawa.
Ba a ba su yanki kamar sauran kabilu ba, sai garuruwa 48,
Zakar jama'a ce abincinsu, in ta yanke sai yunwa.
Bayan bauta a Babila, mawaƙa 128 na gidan Asaf suka dawo,
Suka buga kuge ranar da aka sa harsashin Haikali don sake ginawa.
Duk da haka Nehemiya, gwamnan Yahuza, ya tarar an hana su rabonsu,
Kowane mawaƙi ya ajiye molo, gona ya yi komawa.
Shugabanni ya tsare da faɗa, bai tuhumi mai waƙa ba,
Ya tattaro su daga karkara, ya mai da kowa wurin tsayawa.
Sai mutanen Yahuza suka kawo zakar hatsi da ruwan inabi da mai,
Ya naɗa amintattu a kan rumbuna domin rarrabawa.