Muhawara: Da sun haɗa kai a 2023, da Tinubu bai kai labari ba?

Zauren 'yan unguwa, daren wata Lahadi a watan Agustan 2025, bayan sallar isha'i.

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. Kun san ni da alli da allo, to ga lissafi. A zaɓen 2023 Atiku ya samu ƙuri'a 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. In ka tara, 14,582,740 ke nan. Tinubu kuwa 8,794,726 ya samu. Tazarar ta kusa miliyan shida. Wato ba APC ce ta ci zaɓe ba, 'yan adawa ne suka kayar da kansu. Yanzu da suka taru a jam'iyyar ADC tun 2 ga Yuli, David Mark na shugaba, Aregbesola na sakatare, ni a wurina magana ta ƙare. Su tsayar da mutum ɗaya kawai, 2027 sai dai a yi wa gwamnati Allah ya kiyaye hanya.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Malam, ƙuri'a ba buhun masara ba ce da za ka kinkima daga wannan sito ka jibge a wancan. Kowace ɗaya mutum ne ya dangwala ta, kuma da dalilinsa.

Nura Mai POS: Kuma don Allah Malam a cire namu daga cikin tarin tukuna. Madugu Kwankwaso bai ce ya shiga ba. Ƙuri'a 997,279 muka ba shi a Kano kaɗai, Atiku ko dubu ɗari da hamsin bai samu ba a nan. Ba kyauta za a kwashe su ba.

Malam Habu: To a cire. Atiku da Obi kaɗai sun haura miliyan 13. Har yanzu sun yi wa Tinubu fintinkau.

Shehu Agege: Malam, a yi mini afuwa, ni da nake Legas na ga abin da idona. Yaran da suka yi wa Obi layi a nan har ya kayar da Tinubu a gidansa, ba 'yan Labour ba ne, da yawansu ko ofishin jam'iyyar ba su sani ba. Gajiya suka yi da APC da PDP gaba ɗaya, musamman bayan abin da ya faru a Lekki lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020. Ka ce wa irin wannan yaron gobe ya fito ya zaɓi Atiku, mutumin da ke neman kujerar nan tun 1993, kafin a haife shi? Kwanciyarsa zai yi. Kuma ai an taɓa gwadawa. A 2019 Atiku ne ɗan takara, Obi mataimaki, Kwankwaso ma yana PDP. Duk mutum ukun da ka tara suna inuwa ɗaya. Miliyan 11 da 'yan kai suka samu, Buhari ya samu miliyan 15.

Injiniya Bala: Shehu, Allah ya biya ka. Na ajiye makamaina, ka gama aikin.

Malam Habu: A'a, kada ka yi saurin murna. Wancan Buhari ne, Allah ya jiƙansa. Mutumin da a 2003 da 2011 ya samu miliyan 12 ɗinsa ko da gwamna ko babu. Ya rasu a watan jiya. Wa zai ɗaga hannun wani a Daura ko Gusau yanzu talaka ya bi ido rufe? Kuma a 2019 ba a cire tallafin mai ba. Tun ranar rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, da aka ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000 a ƙarshen bara. Yunwa ma jam'iyya ce, Injiniya, kuma ta fi kowacce mambobi.

Hajiya Ladi: Wannan kam gaskiya ne Malam. A Kwari wadda take ɗaukar turmi biyar lokacin biki yanzu ɗaya take ɗauka, shi ma sai an yi ciniki kamar za a yi faɗa. Amma ina da tambaya. Waɗannan da suka taru, ba su ne dai na jiya ba? El-Rufai, Amaechi, Malami, Aregbesola, wanne ne bai ci gwamnatin APC ba? Atiku da Obi kuma duk sun ce za su cire tallafin nan lokacin kamfe, da kunnena na ji.

Kawu Ilu: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, don ni na ga irin wannan ranar tun kuna goye, wasunku ma ba a san za a yi ku ba.

A jamhuriya ta biyu an yi abin da ake kira PPA. UPN ta Awolowo, NPP ta Azikiwe, da ɓangaren PRP da na GNPP, duk aka taru a kan sai an kayar da Shagari da NPN a 1983. Gwamnoninsu goma sha biyu ne cikin jihohi 19. Goma sha biyu fa! In lissafin Habu ne, ai an gama. Aka yi ta taro, yau a nan gobe a can. Da aka zo kan wa zai tsaya, Awo ya ce shi, Zik ya ce shi. Kowa ya fito da jam'iyyarsa, Shagari ya wuce abinsa.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Zaman gwamnonin nan da Rimi da Balarabe Musa suka riƙa zuwa, yana cikin abin da ya raba mu a PRP, aka koma santsi da taɓo. Ni ɗan taɓo ne, ban bar Malam Aminu ba. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ɗan santsi ne, shekara biyu ba ma cin tuwo a kwano ɗaya. Ƙarshe Rimi ya koma NPP, Sabo Bakin Zuwo ya kayar da shi a Kano. Haɗakar da aka ce za ta kai mu Legas, gidanmu ta fara rushewa.

Nura Mai POS: Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Shi ya sa muke taka-tsantsan.

Kawu Ilu: Kai kuma ba yabonku na yi ba, ɗana. A 2022 an zauna tsakanin mutanen Kwankwaso da na Obi, me ya watsa zaman? Wa zai zama shugaba, wa zai zama mataimaki. Awo da Zik ne dai suka sake hula.

Malam Habu: Kawu, ranka ya daɗe, amma ka tsallake 2013. ACN, CPC, ANPP da ɓangaren APGA suka narke suka zama APC, aka kayar da shugaba mai ci a 2015, karo na farko a tarihin ƙasar nan. Kuma su ma sun taɓa gwadawa a 2011 abin ya watse a kan kujerar mataimaki, suka koyi darasi. Me zai hana waɗannan su koya?

Injiniya Bala: Yawwa, nan nake jiran ka. Ina cikin APC tun ranar farko, bari in gaya maka abin da ya sa ta yi aiki. ACN, CPC da ANPP kowacce ta miƙa takardar rajistarta, ta mutu, babu gidan komawa. INEC ta yi mana rajista a Yulin 2013, a Nuwamba gwamnonin PDP biyar suka shigo: Kwankwaso, Wamakko, Nyako, Amaechi da Abdulfatah na Kwara. Sannan kowa ya san ƙuri'ar Arewa tana hannun mutum ɗaya, Tinubu kuma ya haƙura da takara ya kawo Yarbawa. Aka je Legas fidda gwani a Disambar 2014, Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, kuma waɗanda suka faɗi ba su fice ba. Yanzu fa? PDP na nan da ranta, Wike na ciki yana minista a gwamnatinmu. Labour ta rabu biyu. Gwamnoni kuwa wajenmu suke kwarara, na Delta ya shigo a Afrilu har da Okowa, wanda ya yi wa Atiku mataimaki, na Akwa Ibom ya biyo a Yuni.

Malam Habu: Gwamnoni! A 2023 El-Rufai na Kaduna, Atiku ya cinye ta. Katsina ta Buhari da Masari, Atiku. Lalong ne daraktan kamfen ɗinku, Obi ya cinye Filato. Ganduje na kan kujera aka yi muku abin da aka yi a Kano. Ku tattara gwamnonin duka ku sa a aljihu.

Barista Zainab: Yayyena, ku bar ni in ɗan tsoma baki ta fuskar doka. Sashe na 134 na kundin tsarin mulki bai ce sai ka samu rabin ƙuri'u ba. Ka fi kowa yawa, sannan ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ya sa Tinubu ya wuce da ƙasa da kashi 37. A Senegal dole sai ka haura rabi, don haka kowa yakan fito ya gwada ƙarfinsa a zagayen farko, sannan a taru a bayan wanda ya zo na biyu. Haka Wade ya kayar da Diouf a 2000, haka Macky Sall ya kayar da Wade a 2012. Can akwatin zaɓe ne ke raba gardamar wa ya fi jama'a. Mu a nan dole a raba ta a ɗaki, kafin zaɓe, tsakanin mutanen da kowannensu ya yi imani shi ne mai jama'a. Ga kuma karɓa-karɓa. 'Yan Kudu na cewa sai sun cika takwas ɗinsu, shi ya sa Obi ke alƙawarin zango ɗaya. Atiku kuma zai kai shekara 80 kafin zaɓen, ba shi da wani zangon da zai jira.

Hajiya Ladi: Barista ta kawo mu inda nake so. Ku bar manyan can, mu yi ta nan cikin zaure. Nura, in Madugu ya shiga, aka yi fidda gwani ya faɗi, za ka zaɓi wanda ya ci?

Nura Mai POS: Hajiya, ai ba zai faɗi ba.

Hajiya Ladi: Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.

Nura Mai POS: Duk inda ya ce mu sa, nan za mu sa.

Hajiya Ladi: Shehu, maƙwabtanka fa, in Atiku ne?

Shehu Agege: Mai shagon da ke jikin nawa ya ce in ba Obi a saman takarda, ranar zaɓe ƙwallo zai kalla.

Hajiya Ladi: Saura mai lissafi. Malam Habu, kowa ya san kai na Waziri Atiku ne. In aka tsayar da Obi, Atiku ya koma gefe, ƙuri'arka tana cikin miliyan 14 ɗin nan ko ba ta ciki?

Malam Habu: Hajiya, wannan ai sai an ga wanda ya ɗauka mataimaki. Kuma a ga yadda aka yi fidda gwanin, in an yi adalci.

Injiniya Bala: Malam, ɗauko allinka. 14,582,740 a ɗebe ɗaya.

Kawu Ilu: A ɗebe biyu. Ni katina ma ya ɓace tun ambaliyar bara, kuma har yau cikinku babu wanda ya kai ni a sake mini wani. Nura, gobe da ƙarfe tara ka zo da babur.