Za a yi wa Baba tiyatar fito da hanji ta ciki, me ya kamata mu shirya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum. Likitoci sun ce za a yi wa Babanmu kolostomi nan da mako uku, wato a fito da babban hanji ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba a jaka. Me za mu yi kafin ranar? Kuma da gaske ne jakar tana yawan yoyo?

Mai Jinya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Abu na farko, ku nemi a sa alamar inda bakin hanjin zai fito tun kafin ranar tiyata. Ana duba mutum a tsaye, a zaune, da kuma ya sunkuya, don kada wurin ya faɗa cikin ninkin fata, ko kan tsohon tabo, ko daidai inda ake ɗaure wando. Ciki a kwance shafaffe ne, sai an zauna ninkin ke bayyana. In bakin ya faɗa a ninki, danƙon jakar ba zai kama ba, yoyo kuma ya zama na kullum.

Ku faɗa wa likita duk magungunan da suke sha, musamman na tsinka jini da na suga. In suna shan taba, su daina yau. Yawanci ana barin abinci awa 6 kafin tiyata, ruwa kuma awa 2, amma umarnin asibitin za ku bi.

Dattijo 58:
Maganar yoyo, galibi daga yankan ramin jakar ne, wato ramin da ake yankawa a danƙon jakar don bakin hanjin ya shiga. Bakin hanji yana fitowa a kumbure, yana sacewa a hankali har mako 6 zuwa 8. Wanda ya ci gaba da yanka ramin da awon makon farko zai bar fata a buɗe, bayan gida ya zauna a kai, fatar ta saɓule, a kan saɓulalliyar fata kuwa danƙo ba ya kamawa. Don haka a auna duk mako, ramin ya ɗara bakin da milimita 2 zuwa 3 kawai. In ramin ya matse kuma sai ya yanki bakin hanjin.

Wajen canji: a ɓare daga sama zuwa ƙasa ana danne fatar da yatsa, a goge da ruwan ɗumi, a bari ta bushe ƙarau. Ban da man shafawa, ban da sabulu mai maiƙo. Bayan an manna, a dafe da tafin hannu kamar minti ɗaya, ɗumin ke sa danƙon ya kama. Kada a jira jaka ta cika, da ta kai kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi a zubar, nauyinta ke ɓalle ta.

Mai Jinya:
Haka ne, Dattijo. Ƙari a kan launi: lafiyayyen bakin hanji ja ne mai danshi kamar cikin kunci, ba ya jin zafi, ɗan jini wajen gogewa ba komai ba ne. In ya koma shuɗi-shuɗi ko baƙi, ko jini ya ƙi tsayawa, ko ciki ya kumbura da murɗa da amai ba abin da ke fita, asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Su fara takawa washegarin tiyata, amma ban da ɗaukar kaya mai nauyi aƙalla mako 6 zuwa 8, don hanji na iya turo fatar gefen wurin ya zama ƙaba. In za su yi tari, su dafe wurin. Abinci kaɗan-kaɗan, a tauna sosai, ruwa lita 1.5 zuwa 2 a rana. Wake, kabeji, albasa da lemon gas suna cika jaka da iska, a dawo da su ɗaya bayan ɗaya.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. To ba za su ƙara jin bayan gida ta ƙasa ba ke nan?

Dattijo 58:
In an bar ƙarshen hanjin, za su iya ji, har wani yauƙi kamar majina ya fito. Hanjin da ya rage ne ke yin sa. Su zauna a masai ba tare da yunƙuri ba. In ya zo da jini ko ruɓa, a nuna wa likita.