Ta ina zan fara koya wa yaran ƙauye kiɗan gargajiyar Indiya?

Malamar firamare, daga wani ƙauye kusa da Gadarif a Sudan:

Assalamu alaikum. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ajina ya cika da yaran da iyayensu suka gudo da su daga Khartum da Wad Madani, kuma da yawansu hankalinsu bai kwanta ba har yau. Na lura cewa duk lokacin da waƙar Indiya ta tashi a wayar wani sai su yi tsit, har wata yarinya da ba ta cika magana ba takan riƙa buga ƙafa a ƙasa daidai da kiɗan. Ina so in buɗe musu darasin yamma, amma asalin kiɗa da rawar da ake koya a gaban malami nake nufi, ba na fim ba. Ba mu da kayan kiɗa ko ɗaya. Ta ina zan fara?

Tsohon ɗalibi a Indiya, daga Kasala:

Wa alaikumus salam, Malama. Rashin kayan kiɗa kada ya dame ki, domin a can ma mai koyon tabla, wato tagwayen gangunan Indiya da ake kaɗawa da hannu, da baki yake fara haddace bugun, yana faɗin "dha dhin dhin dha". Ki fara da ma'aunin da suke kira tintal, mai bugu 16 da aka kasa gida huɗu: a tafa a na 1 da na 5 da na 13, a na 9 kuwa a juya tafin hannu ba tare da an tafa ba. Wannan kaɗai zai ɗauke su makonni kafin ya zauna musu.

Ta fannin murya, sautukansu bakwai ne: sa, re, ga, ma, pa, dha, ni. Shawarata ita ce ki fara da ragar da ake kira Bhupali (raga ita ce tsarin sautukan da ake gina waƙa a kansa), saboda sautuka biyar kawai take amfani da su, babu ma babu ni, kuma yawancin waƙoƙin Sudan a kan sautuka biyar aka gina su, don haka kunnen yaran ya riga ya saba. Shigar da wannan ilimi makarantu ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyar SPIC MACAY, wadda Kiran Seth ya kafa a Delhi a 1977, aikinta ke nan. Sai dai abin da za ki iya bayarwa tushe ne, zurfinsa sai an zauna gaban gwani shekara da shekaru.

Wani dattijo, daga Mai Wurno:

'Yata, Allah ya saka miki da alheri, amma batun rawa yana bukatar natsuwa. Rawar Bharatanatyam ta jihar Tamil Nadu a wuraren bautar Hindu ta taso, kuma motsin hannuwanta labaran abubuwan bautarsu yake bayarwa, abin da iyaye a nan ba za su lamunta ba. Ki je wurin liman da iyayen yara tukuna, ki nuna musu abin da za ki koyar da idonsu, ki kuma raba maza da mata.

Malamar firamare:

Na gode, Baba, zan je wurinsu bayan sallar Juma'a. Zan tsaya a kan tafi da murya, da bugun ƙafa irin na rawar Kathak ta arewacin Indiya ga 'yan mata kaɗai idan an amince. Wata maƙwabciyata ta yi alkawarin ara mana dalukarta, wato gangar mata ta Sudan, domin riƙe bugun.