Musayar waƙa: Gidan Bacon na Redgrave, a Ingila

Ɗan Kurmi:
Sarki James aljihunsa ya yi ramewa,
Ya ƙago sarauta ya kai ta kasuwa,
Fam 1,095, kuɗin soja talatin a Ulster ta Ireland,
Nicholas Bacon shi ya fara karɓowa,
A 1611 ya zama baronet, sai ku yi shewa!

Hajiya Mai Goro:
Ɗan Kurmi ka ce saye, ka tsallake uba,
Mai riƙe hatimin Sarauniya Elizabeth, ba wasa ba,
Redgrave tasu ce tun James bai hau ba,
Kai me ka gada in ban da surutu da gaba?

Baban Ummi:
Kai! Hajiya ta gama da shi. A ba ta fili.

Ɗan Kurmi:
Hajiya ja da baya taki guda ki duba,
Kakan nasu Robert, ba ki ji labari ba?
Tumakin sufayen Bury yake wa lissafi,
Daga garke aka taso, ba daga karaga ba.

Malam Sidi:
Ɗan Kurmi, baitinka na farko ɗango biyar, wannan huɗu. Kuma "Fam 1,095" ta ina za a rera shi? Kari ya karye tun daga nan.

Ɗan Kurmi:
Allah gafarta Malam, kawo naka baitin mu auna.

Malam Sidi:
Ba sai na yi ba. Ɗango na uku bai hau ƙafiya ba, kunne ya ji.

Baban Ummi:
Malam, ai Hajiya ba ta karya ko ɗaya ba, ita za ka yaba.

Malam Sidi:
Ita ma ɗangonta na ƙarshe ya yi jela.

Hajiya Mai Goro:
Ku yi haƙuri, na je kai yara Islamiyya.
Malam riƙe ma'auninka, ba hatsi muke sayarwa,
Ɗan Kurmi, kiwon tumaki ba abin kunya ne ba kuwa,
Francis ƙanin Nicholas, uba ɗaya, ya fi shi shahara,
Ya rasu 1626 babu ɗa, sarautarsa ta bi shi kushewa,
Ta Nicholas ga ta nan har yau tana tsayuwa.

Ɗan Kurmi:
Tsayuwa a ina, Hajiya? Faɗi gaskiya,
Edmund magajinsa bai bar ɗa ba a duniya,
Sai ƙane Robert ya ɗauka aka ci gaba da tafiya,
Gidan Redgrave ma alƙali Holt ya saye shi gaba ɗaya.

Malam Sidi:
Wannan ya ɗan hau. Ɗango na uku dai har yanzu yana ɗingishi.